Gundumarmu ta cika ta batse, 'yan sanda ba sa zuwa da wuri

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, shekara 9 ke nan ina zaune da iyalina a wata gunduma da ke gefen wani babban birni. Lokacin da muka tare, bayan gidanmu gonaki ne da kurmi. Yau ko'ina gidaje ne da kantuna, tafiyar minti 10 zuwa asibitin da nake aiki ta koma ta minti 30. A watan jiya aka fasa gilashin motoci 6 a rukunin gidajenmu cikin dare ɗaya, har da tawa. Tun da asuba muka kira, ɗan sanda bai zo ba sai da hantsi, ya ba mu lambar rahoto mu kai wa kamfanin inshora, ya tafi, har yau shiru. Majalisar gunduma za ta saurari jama'a kan kasafin kuɗi, maƙwabta sun ce ni zan yi magana da yawunsu, kuma minti 3 kacal ake ba kowa. Wasu sun ce in nemi a ƙaro 'yan sanda. Wasu sun ce ƙarin 'yan sanda ƙarin tare 'ya'yanmu ne a kan hanya. Ɗana ɗan shekara 17 ya fara tuƙi, ni ma wannan tsoron yana raina. Me zan faɗa musu?

Wata mai karatu, daga Amurka

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar da alheri, Ya tsare gaba, Ya kuma shirya mana yaron. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin na yi shekara 14 a irin gundumar da kika kwatanta, na ga gonar masara ta zama unguwa cikin damina biyu.

Kafin ki tsaya gaban majalisa, ki tabbatar wa ke da alhakin sintiri a unguwarku. A Amurka hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne, kowace cin gashin kanta take yi. A gunduma ɗaya za ki iya samun sherif, wanda a yawancin jihohi jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, ga 'yan sandan gunduma da ke ƙarƙashin majalisa, ga kuma na ƙananan birane. A gundumar Gwinnett da ke gefen Atlanta a jihar Jojiya, 'yan sandan gunduma ne ke sintiri a wuraren da ba su shiga wani birni ba, sherif kuma yana kula da kurkuku da tsaron kotu da kai sammaci, birane irin su Duluth da Norcross da Lawrenceville suna da nasu jami'an. A Loudoun ta jihar Bajiniya kuwa sherif ne ke sintirin akasarin gundumar. Bambancin yana da amfani a gare ki. In shugaban 'yan sanda ne da gunduma ta naɗa, majalisa na iya matsa masa lamba kai tsaye. In sherif ne, kuɗin kawai ke hannun majalisa, ba ta da ikon tsige shi, ku masu ƙuri'a ne iyayen gidansa. Ki duba tambarin da ke kan takardar rahoton da aka ba ki, zai gaya miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Abin da kike gani kuma ba ku kaɗai ba ne. Gwinnett tana da mutum 72,349 a ƙidayar 1970, a ta 2020 sun kai 957,062. Loudoun ta tashi daga kusan 86,000 a 1990 zuwa sama da 420,000 a 2020. Magini yana iya tayar da gida 200 cikin shekara guda. Ɗan sanda ɗaya kuwa, daga ranar da aka ɗauke shi, ya yi horon fiye da awa 800 a makaranta, ya yi watanni yana bin wani tsohon hannu, sai ya kai kusan shekara kafin a bar shi shi kaɗai a mota. Kullum gini yana gaba, hukuma tana binsa a baya.

To a nemi ƙari ke nan? Wataƙila kuna buƙata. Bincike da dama a Amurka ya nuna cewa ƙarin jami'ai yana rage manyan laifuka, musamman kisan kai, ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma in kika tashi kika ce “a ƙaro 'yan sanda”, za a gyaɗa kai, wani ya kawo lissafin jami'i nawa ne kan mutum 1,000, a kwatanta da matsakaicin ƙasa, wanda a alƙaluman hukumar bincike ta tarayya, FBI, na 2019 ya kai 2.4, a ce babu kuɗi bana, magana ta mutu. Wannan lissafin ba ya gaya miki komai game da daren da aka fasa motarki. Ita kanta ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta IACP ta daɗe tana cewa bai dace a yanke yawan ma'aikata da shi ba. Tambayar da nake so ki riƙe ita ce: jami'an da kuke da su yanzu, ina awanninsu ke tafiya?

Bari in ba ki labarin abin da ya sa na koma wannan ra'ayi. Ofisoshin 'yan sanda da yawa suna shirya wa mazauna darasin yamma na wasu makonni, a ƙarshe a bar mutum ya shiga motar sintiri ya ga aiki da idonsa. Na shiga, na bi wani matashin jami'i, shekararsa 3 a aiki. Mun fita ƙarfe 6 na yamma, kwamfutar da ke gefen sitiyari tana jera kira, kowanne da matakin gaggawarsa. Na farko ƙararrawar ɓarayi ce ta yi kuka a wani gida. Muka yi tafiyar kusan minti 20, rabinta muna neman layin, domin sabo ne, bai ma shiga taswirar kwamfutar ba. Muka tarar ƙofar gareji ce ba ta rufu da kyau ba. Na biyu, motoci biyu suka gogi juna a bakin danja, ba wanda ya ji ciwo, amma muka yi awa guda muna jiran janwe da cike takardu. Na uku wata dattijuwa ce, ɗanta ya daina shan maganin taɓin hankali, yana tsaye a tsakiyar falo yana ihu, hannunsa riƙe da maɓallin talabijin. Jami'in ya tsaya daga bakin ƙofa, ya sassauta murya, ya yi ta kiran sunan mutumin har ya zauna. Na ga haƙuri a wannan dare. Sai dai bayan mun kai shi asibiti, ƙa'idar aiki ta ce kada jami'in ya tafi sai likita ya karɓe shi. Awa 3 muka yi a kan kujerun roba, rediyon da ke kafaɗarsa tana ta kiran lambar yankinsa, wani jami'i daga nesa yana amsawa a madadinsa.

Da muka koma ofis na tsaya gaban taswirar yankunan sintiri da ke bango. Yankin da muka kwana muna zagayawa shi ne mafi faɗi, saboda an zana shi ne tun yana gonaki, mota ɗaya ta ishe shi. Mutane sun ninka, layin da aka ja bai motsa ba.

A cikin awanni 12 na wannan jami'i, da ƙyar ya samu ɗaya da za a kira tsaron unguwa. Kuma duk abin da ya cinye masa lokaci, akwai wuraren da suka samo masa magani. Ƙararrawar ɓarayi, fiye da kashi 90 cikin 100 na kukanta na banza ne. Birnin Salt Lake tun shekarar 2000 ya ce kamfanin ƙararrawa ya fara tabbatar da cewa an shiga gidan kafin a tura mota, wasu wuraren kuma tara suke ci in gida ya yawaita kiran ƙarya. Ƙananan haɗurra da rubuta rahoton sata da ta riga ta wuce, ma'aikaci marar bindiga zai iya yi, horonsa gajere ne, albashinsa ya fi sauƙi. Batun taɓin hankali shi ya fi damuna, ke ma'aikaciyar jinya kin fi ni sani. Birnin Memphis ya fara horar da jami'ai na musamman a 1988, horon awa 40, bayan 'yan sanda sun harbe wani mai taɓin hankali. Birnin Denver ya wuce nan a watan Yunin 2020, ya soma tura masanin lafiyar ƙwaƙwalwa da ma'aikacin agajin gaggawa zuwa irin waɗannan kira. A wata 6 na farko sun amsa kira kusan 750, ba ko ɗaya da ya ƙare da kama mutum. Tun Yulin 2022 kuma akwai lambar 988 a duk ƙasar domin masu cikin ƙuncin rai. Ki tambaya ko masu amsa lambar kiran gaggawa ta 911 na gundumarku suna da hanyar miƙa kira zuwa gare ta, da kuma ko akwai wurin da jami'i zai ajiye marar lafiya cikin minti 15 ya koma bakin aiki.

Yanzu maganar motarki, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ko da ɗan sandan ya zo cikin minti 5, ba wanda zai kama, ɓarayin sun tafi tun cikin dare. Akasarin laifukan dukiya haka suke, sai an gama ake ganewa. Saurin zuwa yana da muhimmanci ne inda rai ke cikin haɗari ko mai laifi yana wurin, don haka ki nemi a ba ku lokacin amsa kiran gaggawa daban, yanki-yanki, kada a cakuɗa shi da sauran a fitar da matsakaici mai daɗin ji. Inda aka gaza muku shi ne shirun da ya biyo baya. Motoci 6 a dare ɗaya aikin gungu ne, kuma irinsu ba rukuni ɗaya suke shiga ba. Wa ya karɓi hoton kyamarorin ƙofofinku? Wa ya haɗa rahotonku da na unguwar da ke gaba? Wannan aikin masu bincike ne da mai nazarin alƙaluman laifi, kuma su ne ake mantawa da su idan gunduma ta girma, saboda motar sintiri ake gani a titi, su ba a ganinsu. A 2019, a duk Amurka, kashi 14 cikin 100 ne kawai na fasa gidaje aka kai ga warwarewa. Ki tambayi adadin gundumarku, ki tambayi fayil nawa ke kan teburin kowane mai bincike. Haka masu amsa kiran 911: in kujerunsu babu kowa, jami'i 100 ba za su amfana miki komai ba, wayar ce za ta yi ta ƙara.

Shi kansa sintirin, yawo barkatai ba ya hana sata. An gwada wannan a birnin Kansas daga 1972 zuwa 1973. Aka raba yankuna 15 gida uku, wasu aka janye musu sintirin yau da kullum, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu sau biyu zuwa uku. Da shekara ta cika, ba wani bambancin a-zo-a-gani a yawan laifi, mazauna ma ba su lura ba. Abin da ya yi aiki daga baya aka gano shi. Masanin binciken laifuka Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka tantance kira sama da 300,000 a birnin Minneapolis, suka wallafa a 1989 cewa rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin yake fitowa. Wani masanin, David Weisburd, ya samu kusan haka a birnin Seattle. Laifi matattara gare shi: wani gidan mai, wani otal mai arha a bakin babbar hanya, wurin ajiye motoci na wani rukunin gidajen haya. Jami'i ya riƙa tsayawa a irin wuraren minti 10 zuwa 15 a lokutan da ba a zata ba, laifi yana raguwa, kuma akasari ba ya komawa layin baya kamar yadda ake tsoro. Wani lokaci ma maganin ba kamu ba ne. Masanin aikin 'yan sanda Herman Goldstein ya faɗa tun 1979 cewa a daina bin kira ɗaya-ɗaya, a nemo abin da ke haifar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki zagaya rukuninku da daddare ki ƙirga fitilun da suka mutu, ki duba ko ƙofar shiga tana rufuwa. In mai gidajen ya ƙi gyarawa, gunduma tana da masu duba gine-gine da za su tilasta masa.

Tsoron da kike yi wa ɗanki kuwa yana da tushe, kada ki bari kowa ya raina shi. Ferguson da ke jihar Missouri ƙaramin gari ne a gefen St. Louis. Bayan wani ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown har lahira a Agustan 2014, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta yi bincike, ta fitar da rahoto a Maris 2015. Rahoton ya nuna cewa a lokacin baƙar fata su ne kashi 67 na mazauna, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, kashi 93 na waɗanda ake kamawa, kuma hukumomin garin sun mayar da tara hanyar cike kasafin kuɗi. Gundumar da kuɗi ya yi wa ƙaranci tana iya zamewa cikin wannan rami ba ta ankara ba. Amma ba na goyon bayan a janye jami'ai daga hanya, domin a 2021 haɗarin mota ya ci rai kusan 43,000 a Amurka, kusan ninki biyu na kisan kai. A unguwanni irin naku, inda titin ƙauye ya koma mai layi 6 ba tare da wurin tsallakawa ba, hanya ta fi ɓarawo haɗari ga yaro ɗan shekara 17. A Fayetteville ta jihar Carolina ta Arewa, shugaban 'yan sanda Harold Medlock ya umarci jami'ansa daga 2013 su mayar da hankali kan gudun wuce ƙa'ida, da tsallake danja, da tuƙi cikin maye, da tuƙin ganganci, su rage tare mutane kan mutuwar fitila ɗaya ko wata takarda. Masu binciken da suka bi alƙaluman sun ga haɗurra sun ragu, gibin launin fata ya ragu, laifi kuma bai ƙaru ba. An iya auna hakan ne saboda jihar ta yi doka tun 1999 cewa a rubuta bayanin tsayar da motoci. Ki nemi gundumarku ta riƙa wallafa nata duk wata uku: wa aka tsayar, a ina, kan wane dalili, an caje motar ko ba a caje ba, an samu wani abu ko ba a samu ba. Da wannan buƙatar maƙwabtanki na ɓangarorin biyu za su iya tsayawa a bayanki.

Za a ce miki ina kuɗi. Jihohi da yawa sun yarda gunduma ta caji magini wani kuɗi kan kowane sabon gida, domin nauyin da ginin zai ɗora wa hanyoyi da ofisoshin tsaro. Jojiya ta yi dokar haka a 1990. Kuɗin na gini ne da manyan kayan aiki, ba a biyan albashi da shi, amma yana iya gina ƙaramin ofis a sabon yanki, jami'i ya huta da tafiyar rabin awa. Ki tambaya ko kuna karɓa, kuma yaushe rabon da a sabunta farashin. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da ake ba magini izini ya kamata a yi lissafin jami'in da zai amsa kiran gidajen, ba ranar da mutane suka tare ba. In kuma wani ya kawo shawarar a rushe tsari a kafa sabuwar hukuma, ki yi hattara. Loudoun ta yi ta muhawarar karɓe sintiri daga sherif daga 2020 zuwa 2022, da aka ga tsadar sauyin sai aka bar maganar.

Minti 3 ba su da yawa, kada ki ɓata su wajen gabatarwa. Ki ba da labarin motocin 6 cikin rabin minti, da rana da sa'a. Daga nan ki nemi abu guda da za a iya rubutawa a takardar zama: majalisa ta sa a yi nazarin kiran shekara guda, a nuna awa nawa ke tafiya kan wane irin kira, a wane yanki, a wane lokaci, a kawo sakamakon gaban jama'a kafin a amince da kasafin, tare da ranar da aka zana yankunan sintiri na ƙarshe. Ki ƙara da wallafa bayanan tsayar da motoci. Sauran tambayoyin ki rubuta su a takarda ɗaya ki miƙa wa magatakarda, ki tura wa wakilin mazaɓarku a majalisar kwafi tun kafin ranar. Kowace jiha tana da dokar da ta ba mazauni ikon neman takardun hukuma, a Jojiya dole a amsa cikin kwanakin aiki 3, don haka ki fara neman alƙaluman tun yanzu. Ku tafi ku da yawa, ko mutum 10 ne, su miƙe tsaye idan kin ambace su. In a cikinku akwai wanda Turancinsa bai nuna ba, ku nemi tafinta tun da wuri, ki kuma sa tambayar tafinta a takardarki, domin a sababbin unguwanni akwai iyalai da yawa da ba sa kiran 911 saboda tsoron ba za a fahimce su ba. Ki tafi da ɗanki, ya zauna a layin gaba.

TAMBAYA

Malam, gundumarmu za ta kashe kuɗi mai yawa ta saya wa jami'ai kyamarar ƙirji. Tana gyara halin 'yan sanda kuwa?

Wani mai karatu, daga Amurka

AMSA

Ɗan'uwa, a saya, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A Rialto ta jihar Kalifoniya, gwajin 2012 zuwa 2013 ya nuna ƙorafin jama'a ya faɗi da kusan kashi 88, shi ya sa kowa ya ruga. Sai dai ƙaramin ofis ne mai jami'an sintiri 54. Da aka maimaita a birnin Washington da jami'ai sama da 2,000, sakamakon 2017 bai nuna wani sauyi na zahiri ba, ko a amfani da ƙarfi ko a ƙorafi. Amfaninta na tabbas shi ne shaida, tana kare mai gaskiya ko jami'i ne ko farar hula. Ka karanta ƙa'idar da za a haɗa ta da ita kafin a sa hannu: yaushe dole a kunna, wane hukunci ke kan wanda ya kashe ta, kwana nawa za a yi kafin a saki hoto idan an harbi mutum, kuma ko sajan yana zaɓar hotuna yana kallo duk wata ba tare da jiran ƙorafi ba. Ka kuma tambayi kuɗin ajiyar hotunan na shekara 5 da albashin masu tace su, domin sau da yawa sun fi kuɗin kyamarar kanta.